Inda Baba Ya Tsaya

Ranar da likita ya tsayar da lokacin da za a cire wa Umma yanar idonta, murna muka yi kamar mu zuba ruwa a ƙasa mu sha. Shekara da shekaru muna lallashinta tana cewa ita ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye, sai da ta gai da labulen falo har da tambayarsa yara, tana tsammanin maƙwabciyarmu ce ta shigo, sannan ta sauko da kanta. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti Yaya Dogo na tuƙi yana rera waƙa da muryar nan tasa ta tsohon injin niƙa, Yaya Nas na gaba tana ta jero dokokin da za a bi bayan aiki, ni kuma ina baya kusa da Umma. Nas ce ta juyo ta tambaye ta abin da take so ta fara gani in an buɗe idon. Duk mun ɗauka jikokinta za ta ce.

"Mu nake so in gani," in ji Umma. "Mu duka, a bakin tafkin nan da babanku yake kai mu. Har da shi. Auta za ta zana min."

Ni ce Autar, kuma zane ne sana'ata. Lambu nake zanawa, da bakin ruwa, da tashar mota da yamma, in zuba mutane a ciki suna harkokinsu, masu otal da masu asibitin haƙori su saya su rataye a ɗakin jira. Daga hoto nake aiki, don ba wanda zai tsaya min a rana ya jira in gama haɗa koren ganye. Ban bari Umma ta rufe baki ba na ce an gama, ta ɗauka ma zanen na rataye a bango. Na ƙara da cewa sai ta ji kamar ta tsoma ƙafa a ruwan. Dogo ya dube ni ta madubi ya ce baki dai shi ke yanka wuya, na ce ya kalli titi.

Sai da na kwana na tashi abin ya dawo min. Tun da na fara sana'ar nan Umma ba ta taɓa ganin aikina da ido mai kyau ba. Komai na nuna mata yabawa take yi. Ta taɓa riƙe wani zanena a kife ta ce kai, jirgin ruwan nan kamar ya tashi, alhali saniya ce tana kiwo. Yanzu ga shi za a wanke mata ido tas, kuma abin da za ta fara ɗora shi a kai aikin hannuna ne, kuma mijinta take so ta gani a ciki. Akwai tsoro, amma daɗin ya fi shi yawa.

Muka ɗauko gwangwanin biskit ɗin da hotunan gidanmu suke ciki, muka juye a kan kafet, mu uku muka zauna dirshan kamar yara. Dariya har da hawaye. Ga Dogo da kunnuwa kamar faranti, ga Nas da giɓi tana riƙe da 'yar tsana ta ɗaure mata kai da bandeji, tun a lokacin an san inda ta dosa. Abu ɗaya ya haɗa hotunan duka: kowa idonsa a kanne, fuska a yamutse. Dokar Baba ce. Ma'aikacin gidan waya ne, ya sayi kyamararsa ta hannu a wajen wani abokin aikinsa, aka kuma gaya masa dole rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Ya riƙe wannan magana gam har ya bar duniya. Shi ya ba rana baya, mu mu fuskance ta, ya yi ta matsawa hagu da dama yana cewa kada kowa ya motsa, mu kuwa hawaye na zuba.

Doka ta biyu ita ce ta ja min aiki. Ba ya yarda kowa ya taɓa kyamarar, wai hannu biyu ke lalata ta. Saboda haka muka zazzage gwangwanin kaf babu Baba. Akwai wani hoto da gefen kunnensa ya fito a madubin kabad, sai kuma ɗan ƙaramin na katin aikinsa, ya ƙame a ciki kamar wanda ya haɗiyi taɓarya, babu ko alamar mutumin da ke sa Umma dariya har ta riƙe ciki. Ina sakandare ya rasu, na san fuskarsa sarai, amma sanin fuska daban, kawo ta bakin burushi daban. Na ce ba komai, kan yana hannu, jiki kuwa aro ake yi.

Hoton tafkin da muka zaɓa ya ɗan koɗe amma komai na nan. La'asar ce sakaliya. Umma na zaune a kan benci a gaban wata bishiya mai faɗi, ta cire takalmi ta miƙe ƙafafu, tana dariya da dukan bakinta. Dogo ya naɗe wando yana cikin ruwa zuwa ƙwauri. Nas ta riƙe takalmanta a hannu tana hararar sa. Ni ina jikin bencin, 'yar mitsitsiya, na wage baki ina kuka. A bayanmu ruwa ne shimfiɗe, da tsaunuka can nesa. Sai kuma tarkacen da kowane hoto ke kwasowa: kwandon shara a gefe, turken wuta ya tsiro daga kan Nas, da wani dogon baƙin abu da ya taso daga ƙasan hoton ya ratsa ciyawa, wato inuwar mai ɗauka.

Malamin da ya koya min zane yakan ce hoto bara ne, ba maigida ba, ka aike shi ya kawo maka abin da kake so, kada ka bari ya zauna maka a kujera. Abu na farko da ya koya mana shi ne share abin da kyamara ta kwaso ba da izini ba, kuma a sahun gaba akwai inuwar mai ɗaukar hoto. Ɗalibin da ya zana ta, ranar ya zama abin dariyar aji. Don haka ko tunani ban yi ba na yanko farar takarda na rufe kwandon, na rufe turken, na rufe inuwar, na bi da salatef, na manna hoton a gefen allon zanena.

Tsohon garejin gidan Umma ne ɗakin aikina, taga ɗaya gare shi, sai tebur da ya sha fenti har ba a san kalarsa ta asali ba. Na ɗaure ƙyalle mafi girma da na taɓa ɗaurewa a katako, na zaɓi fenti mai saurin bushewa don kada wari ya dami mai sabon ido. Kwanakin farko kam na sha daɗi. Sama ta zo min a zama ɗaya. Ruwan na yi ta shimfiɗa masa launi a kan launi har ya fara ƙyalli, ina yi ina rawa, rediyo na gefe. Inda kyamara ta maida ƙarƙashin bishiya baƙi ƙirin na buɗe shi, na sa shuɗi da ɗan ja, don inuwa ba ta taɓa zama baƙa a idon mutum. Tsaunukan na bar su dishi-dishi yadda nesa ke yi. Kullum Umma sai ta laluba bango ta zo bakin ƙofa ta zauna a kujerar roba ta tambaya an kai ina. In ce an kai ruwa, ta ce a yi shi da sanyi. In ce an kai bishiya, ta ce akwai tururuwa a jikinta, su suka cije ni ranar, shi ya sa nake kuka a hoton.

Mutanen ma ba su ba ni wahala ba. Na auna tsayin kowa da layin da ruwa ya haɗu da sama don kada wani ya fito ƙato wani ya fito wada. Na ba kowa inuwarsa a ƙarƙashin ƙafa, duk suna kwance waje ɗaya, domin mutum in ba ka ɗaure shi da ƙasa da inuwa ba, yawo zai yi ta yi a iska. Na kuma yi mana gata, na buɗe wa kowa ido. Karon farko a tarihin gidanmu muka fito a bakin tafki kamar mutanen da ba a watsa wa barkono ba. Da Nas ta leƙo ta ga kanta sai da ta yi tsalle ta rungume ni, ta ce ashe tun tana yarinya kyakkyawa ce, Baba ne ya ɓoye.

Saura Baba. Na bar masa fili a tsaye a bayan bencin, dama da Umma. Dogo ne ya gado tsayinsa, don haka shi na kama. Umma ta buɗe akwati ta ba mu kwat ɗin Baba mai ruwan toka da hularsa, muka jira la'asar ta yi daidai da ta hoton, na fitar da Dogo tsakar gida na tsayar da shi a bayan bencin wanki. Abin da ban lissafa ba shi ne tumbi. Baba siriri ne har ya koma ga Allah, Dogo kuwa tun da ya buɗe garejin gyaran mota yake faɗi. Maɓallin kwat ya ƙi shiga. Na ce ya ja ciki, ya ja, fuskarsa ta kumbura, na ce ya saki fuska, cikin ya dawo. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna ba da shawara. Shi kuwa gogan ya ji daɗin kallo, ya dinga canza tsayuwa, ya riƙe ƙugu, ya dubi sama kamar mai tallan turare. Na ɗauki hotuna da waya har ta yi zafi, Umma na zaune ba ta ganin komai amma ta fi kowa dariya.

Na rage tumbin da fensir, na ɗora kan Baba na katin aiki a kan kafaɗun Dogo, na daidaita hasken ya zo daga inda yake zuwa wa kowa. A ƙa'idar sana'a babu inda na kuskure. Na kira yayyena su gani, ina tsaye ina goge burushi, ina jiran yabo.

Dogo ya ce ya yi, musamman kafaɗun. Nas ta daɗe tana kallo, ta karkata kai, sannan ta ce, "Auta, kada ki ji haushi. Wannan kamar mai karanta mitar wuta ne ya zo ya tarar muna hutu."

Na ji haushi kuwa. Na ce ta koma ta yi allurarta ta bar wa masu zane zane, na kore su duka na rufe ƙofa. Amma da na juyo na dubi allon, mai karanta mita na gani. Hanci na Baba ne, goshi nasa ne, kwat ɗin ma nasa ne, mutumin dai baƙo ne. Ya tsaya a bayan Umma kamar yana jiran ta gama dariya ya miƙa mata takarda.

Daga nan aka shiga kankara da sakewa. Na zaunar da shi a kan bencin, ya zama fasinja a tasha. Na sa masa murmushi daga ƙwaƙwalwata, ya koma kawunmu. Na kai shi can bakin ruwa na ƙanƙanta shi yadda fuska ba za ta fito ba, dabarar da nake yi in mutum ya gagare ni, Dogo ya ce masunci ne. Na juya masa baya yana kallon tsaunuka, Nas ta ce a'a, wannan kamar tafiya zai yi ya bar mu, kuma sau ɗaya ya isa. Wannan magana ta zauna min a ƙirji. Wurin ya yi kauri da fenti har yana tudu in ka shafa. Umma kuwa kullum tana bakin ƙofa tana tambaya ko babanku ya iso, ina cewa yana hanya.

Ana gobe aikin idon na mayar da shi inda ya fara, a tsaye a bayan benci, na sassauta masa kafaɗa, na ɗan karkata hular yadda yake sa ta. Ya fi na da, ban ce ya yi ba. Na lallashi kaina da cewa wataƙila mu ne muka cika kallo, ita da ta zauna da shi za ta cike sauran da zuciyarta. Muka kinkimi allon ni da Dogo muka kai falo, muka jingina a bango, na lulluɓe shi da zanin gado.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, mu da ke jira a waje ne muka tsufa. Washegari da safe muka koma aka cire bandejin. Umma ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi likita ta ce ashe yaro ne. Daga nan ba wanda ya tsira. Ta dubi Dogo ta tambaye shi yaushe ya yi furfura bai gaya mata ba. Ta ce wa Nas jambakin nan ya yi yawa. Ni ta kamo kunnena ta ce shuɗin fenti ne a ciki, ko haka nake yawo a gari. Likita ya ce ta sa baƙin gilashi, a mota ta sa, amma tana ɗaga shi tana karanta allon kowane kanti da ƙarfi, mai gyaran waya, mai sayar da katifa, mai wankin mota, tana dariya kamar yarinyar da aka fara kai wa kasuwa. Muna taya ta, Dogo har da danna oda ba dalili. Ni ina dariyar, hankalina kuwa yana kan allon da ke falo.

Ba ta yarda ta zauna ba da muka shiga gida. Ta ce fankar falo ta yi ƙura, sannan ta tsaya a gaban zanin gadon ta cire gilashin ta ce a buɗe. Dogo ya kama gefe, Nas ta kama gefe, suka ja.

Umma ta dafe ƙirji. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta sake matsowa. Ta ce ruwan ne, wallahi shi ne, har sanyinsa. Ta nuna Dogo a cikin ruwa ta ce ga ɗan banzan da ya jiƙa wandon makaranta. Ta ga Nas da takalma a hannu ta ce tun ranar take hukunta mutane. Ta gan ni ina kuka ta ce har yau ban daina ba. Da ta zo kan kanta sai ta kai yatsa kusa da fuskar ba ta taɓa ba, ta ce ashe haka take. Ta juyo ta dube ni da sabon idon nan, ta ce ashe da gaske na iya, ita da tana yabo ne kawai don kada in ji babu daɗi. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Sai idonta ya hau sama kaɗan, bayan bencin. Na ga dariyar ta tsaya.

"Wannan bawan Allah fa?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Na ce Baba ne. Na fara bayani, katin aiki, kwat, yadda babu hotonsa ko ɗaya, yadda na gwada kaza na gwada kaza. Ta bar ni na gama.

"Kwat ɗin nasa ne," in ji ta. "Amma babanku bai taɓa tsayawa a bayana a wurin nan ba. Ina zai samu lokaci? Yana gaba yana ba mutane umarni." Ta sake duban zanen daga sama har ƙasa, ta duba ciyawar da na shimfiɗa a gaba, kore shar babu ko tabo. "Ina hoton da kika duba?"

Na ruga gareji na ɓamɓaro shi daga jikin allo na kawo. Ta riƙe shi nesa, ta kawo kusa, ta ga fararen takardun da na manna. Ta sa farce ta ɗaga ta farko, kwandon shara, ta mayar. Ta ɗaga ta biyu, turken wuta. Ta kama ta ukun, babbar, ta ja a hankali don kada hoton ya yage.

"To ga shi nan," ta ce. "Kin rufe shi da takarda kina nemansa."

Muka haɗa kai mu uku a kan hoton. Na sha kallon baƙin abin nan, ban taɓa dubansa ba. Dogayen ƙafafu ne a buɗe, ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Gwiwoyin hannu biyu sun fito waje kamar kunnen tukunya, yadda mai riƙe kyamara a fuska yake yi. A sama ga hular, a karkace. Ko makaho ya shafa ya san Baba ne, tsayuwarsa ce sak, wadda na yi ta nema a jikin Dogo ban samu ba. Kan inuwar kuwa ya tafi ya kwanta daidai kan yatsun ƙafar Umma.

Umma ta ce mu dubi nan da kyau. Ta ce mu muna tsammanin matsawar da yake yi hagu da dama yana shanya mu a rana gyaran hoto ne. Ba gyaran komai. Inuwarsa yake tuƙawa sai kanta ya taɓa ƙafarta, sannan ya danna. Mutum ne mai kunya, a gaban yara ko hannunta ba ya riƙewa, wannan ce tsokanarsa, kuma ita kaɗai ta sani. In ta janye ƙafar ya biyo ta. Dariyar da take yi a hoton, ta ce, ba ta kukan Auta ba ce.

Nas ce ta fara rarumo gwangwanin biskit. Muka sake juye shi a kafet, wannan karon ƙasan hotunan muke dubawa. Ga shi a filin makaranta ranar da Dogo ya karɓi kyauta, inuwar ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane ta sami gefen takalmin Umma. Ga shi a ƙofar gidanmu na da. Ga shi a tashar jirgi, ya lanƙwasa ta kan akwati ya isa. Duk wanda ya samu sai ya ɗaga ya yi ihu, ga wani, ga wani. Dogo, ƙaton mutum mai furfura, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Mun ce babu Baba a gwangwanin nan, ashe kusan babu hoton waje da ba ya ciki. Nas na kuka tana faɗa wa Umma kada ita ta yi, likita ya hana a murza ido. Umma ta ce ita ba kuka take ba, kallo take, an daɗe ba a bar ta ta yi ba.

Ban jira an ce min ba. Na kwaso fenti da burushi da ƙaramar wuƙar kankara na baje a falon, abin da Umma ba ta taɓa yarda da shi ba, yau ko tari ba ta yi ba. Na kankare mai karanta mita, na mayar da ganyen bishiya da ɗan ruwan da ya tare. Dogo ya roƙa a bar kafaɗun ko a gefe ne, aka yi masa caa. Umma ta ja kujera ta zauna a bayana, ta ce tunda na zo gyara in mayar mana da idanunmu yadda suke, rana muke kallo, kuma shi muke kallo. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya na kanne su. Nas ta ce shi ke nan an sake ɓoye kyanta. Abin mamaki, sai a lokacin muka yi kama da kanmu.

Sannan na haɗa launin inuwar, shuɗi mai duhu da kore da ɗigon ja, yadda ciyawa za ta riƙa leƙowa ta cikinta. Na fara daga bakin ƙyallen na ƙasa, daidai inda duk mai kallon zanen zai tsaya. Na ja ƙafafun, na lanƙwasa ta hagu. Na fitar da gwiwoyin hannun. Burushin tafiya yake kamar ya san hanya, abin da ya gagare ni kwana da kwanaki ya zo kafin shayin da Nas ta dafa ya huce. Na ɗora hular a karkace, na ja da baya, na ce an gama.

Umma ta tashi ta zo ta tsaya a gaban zanen, ƙafafunta daidai inda nasa suka fara. Ta rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ta duba da sabon, ta daɗe. Sai ta nuna ƙasan bencin, inda na bar ɗan siririn koren ciyawa tsakanin hular da yatsun ƙafarta.

"Matso da shi, Auta," ta ce. "Bai taɓa ni ba tukuna."

Na tsoma burushin na matso da shi.